Ƙarfen da Na Ɗora wa Laifi

Ranar da Baba Illo wanzami ya shigo mini da ƙunshin tsumma a hannu ba ta taɓa fita raina ba. Cikin watan Fabrairu ne na 1985, 'yan watanni bayan daminar da ba ta ba kowa ko zangarniya ɗaya ba. Lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ina riƙe da disfanser, wato ƙaramin gidan likita, na wani gari tsakanin Mayahi da Kanan Bakashe. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanen da abin ya shafa suna da jikoki a can.

Ku da kuka shigo aikin jinya yanzu, bari in bayyana muku yadda muke. A irin wannan wuri babu babban likita. Ma'aikacin jinya guda ne, shi ake kira majo, shi ke duba marar lafiya, ya rubuta magani, ya yi allura, ya ɗinke rauni. Tare da ni akwai ungozoma, Madam Rabi, mai kula da mata. Babban likitanmu yana Mayahi. Kowane ƙarshen wata nakan aika masa rapor, wato rahoton aiki, in kuma wata cuta ta ɓulla wadda ta kama mutane da yawa, doka ta ce in rubuta takardar gaggawa in ba motar kasuwa. Zamanin soja ne, kowa yana auna abin da zai sa wa hannu, don takarda kan yi tafiyar da mai ita bai yi niyya ba.

Baba Illo ya jira sai da layi ya ragu, sannan ya kwance tsumman a kan teburina. Gashi ne, cike da tafin hannu biyu.

Ya ce, "Majo, shekara talatin ina aski. Wanga gashi ban sa mashi aska ba. Jiƙa kan na yi da ruwa, na shafa, ya biyo hannuna."

Na ce, "Kan wa?"

"Kan Labo. Kuma shi ne na ukku cikin satin nan. Duka yaran Kaporal ne."

Kowa a garin ya san su. Kaporal Haruna tsohon soja ne da ya dawo gida bayan ya gama aiki, mutum mai faɗin ƙirji da sanƙo mai ƙyalli. Ya tara samari bakwai yana shirya su kokawa, da burin ko ɗaya daga cikinsu ya samu shiga cikin waɗanda za su wakilci Maraɗi. Ya kawo abin da ba a saba gani ba a ƙauye, wato ɗaga ƙarfe. Ya samo sandar ƙarfe daga wata matacciyar mota, ya cika manyan gwangwanaye da siminti ya maƙala a bakinta biyu. Kowace safiya suna bayan gidansa suna ɗagawa suna nishi, mutane na leƙe ta kan danga. Labo, ɗan yayarsa Inna Hajo, shi ne gwaninsu. Shekararsa ashirin da biyu, kuma a kasuwannin yankin ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba.

Washegari na sa aka kira mini su bakwai ɗin. Abin da na gani ya tsorata ni. Ka kama gashin mutum da yatsa biyu, ya fito ba tare da ya ji zafi ba. Fatar kan kuwa sumul, babu ƙuraje, babu makero, babu kwarkwata. Biyar sun ce tafin ƙafarsu na yi musu zafi kamar sun taka garwashi. Wasu sun ce cikinsu ya yi ciwo makonni biyu da suka wuce. Na auna zafin jiki, na duba ido da harshe, na saurari ƙirji. Ban ga abin da na sani ba.

A nan ne na yi lissafin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce a raina, yunwa na sa gashi ya yi ja ya karye, ina ganin haka kullum a kan yara. To amma waɗannan su ne suka fi kowa ƙiba a garin, saboda haka ba yunwa ba ce. Cuta mai yaɗuwa kuma da ta kama matansu da ƙannensu. Me ya haɗa su bakwai, wanda bai haɗa kowa ba? Ƙarfe. Na tuna a lakwal, wato makarantar aikin jinya, an taɓa gaya mana cewa sanƙo na da alaƙa da sinadarin da ke ba namiji ƙarfi. Na tuna hotunan ƙartin Turawa masu ɗaga ƙarfe da na gani a wata mujalla, rabinsu ba gashi. Na dubi kan Kaporal da ke tsaye a bakin ƙofa yana ƙyalli. Sai komai ya yi mini daidai. Ciwon ƙafa, nauyi ne. Ciwon ciki, yunƙuri ne.

Na ce, "Kaporal, ƙarfenka ne. Jikinsu ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa."

Ya ce, "Majo, shekara goma sha biyar na ɗaga ƙarfe a bariki, mu fiye da ɗari. Ban ga wanda gashinsa ya zube haka ba."

"Kai ina naka?"

Mutanen da ke waje suka fashe da dariya. Ya shafa kansa, ya ce, "Wanga na ubana ne, shi kuwa ko galma ba ya son ɗauka." Aka ƙara dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

A ranar na rubuta takardar gaggawa zuwa Mayahi cewa samari bakwai na fama da zubewar gashi sakamakon ɗaga nauyi fiye da kima. Na je wurin maigari na ce, "Ranka ya daɗe, a dakatar da ƙarfen nan." Dama dattawa ba su son abin. Wasu na cewa mutum ya mutu a cikin motar da aka ciro sandar, wasu na cewa abokan hamayya ne suka yi wa ƙarfen asiri. Da majo ya yi magana, sai kowa ya samu abin da yake nema. Aka ɗauke sandar aka jingine a zauren maigari, aka ce horo ya tsaya.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, aka kawo Inna Hajo a kan amalanke. Ba ta iya taka ƙasa. Ko zane ya taɓa ƙafarta sai ta yi ƙara. Madam Rabi ta shiga da ita ɗakin mata. Ina cikin wanke wa wani rauni na ji Rabi ta ƙwala mini kira da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, ita da ta karɓi haihuwa iri-iri ba ta girgiza ba.

Na shiga na same ta tsaye riƙe da ɗankwalin tsohuwar. Kitson gaba ɗaya yana cikin ɗankwalin, layi-layi, yadda aka yi shi. Kan Inna Hajo kuwa fes, kamar ƙwarya.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Inna, ke ma kina taɓa ƙarfen nan?"

Ta dube ni cikin azaba, ta ce, "Ɗan nan, ni da ƙarfe? Taɓarya ce ƙarfena."

Rabi ce ta yi tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko. Ta durƙusa ta ce, "Inna, mi ke haɗa ki da yaran nan?"

"Ni ke yi masu fura. Kullum in sun gama, kowa da ƙwaryarsa."

"Kina sha?"

"A'a, ta 'yan kokawa ce, Haruna ya ce kar a taɓa. Ni dai dusar nake tarawa in dama in sha. Wa zai zubar da dusa bana?"

Na ce, "Inna, ina aka samu geron?"

Ta kau da kai. Can ta ce, "Ku tambayi Haruna. Ni dai na wanke shi, sau ukku nake wanke shi, har launin ya fita."

Launi. Da na ji kalmar nan sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Kullum ina ganin samari bakwai suna ƙiba a garin da ake tonon gidan tururuwa don neman hatsi. Har na kafa hujja da ƙibarsu. Amma ban taɓa tambayar abin da suke ci ba.

Na bar mai raunin wa Rabi, na tafi gidan Kaporal da sauri. Na same shi zaune a gindin itacen bedi, ba ya komai. Na ce ya nuna mini geron. Ya ce wane gero. Na ce, "Kaporal, yayarka na kwance, kitsonta na cikin ɗankwali. Ita ba ta ɗaga ƙarfe."

Ya miƙe a hankali kamar tsoho, ya shiga ɗaki ya fito da buhu biyu, duka babu komai ciki. Na juya ɗaya. A cikin ɗinkin akwai ragowar ƙwayoyi, da wani gari mai launi da ya kama zaren. Na tambaye shi ko dabba ta ci. Ya ce kajin Hajo sun mutu tun farkon wata, a inda take zubar da ruwan wankin, amma an ɗauka ciwon kaji ne.

Daga nan ya faɗa mini komai, yana kallon ƙasa. Wani mutum ne da ke bin manyan motoci ya tare shi a wata kasuwa ya ce yana da gero buhu biyu. Kaporal ya ba shi rediyonsa da bargonsa na soja. Da ya buɗe ya ga launi, mutumin ya ce maganin iri ne kawai, wankewa ake a ci. Kaporal ya yi zargin daga wata mangaza, wato ma'ajiyar hatsi ta hukuma, aka fitar da shi, shi ya sa ya rufe bakinsa ya rufe na yayarsa. A lokacin, a kama ka da buhun hukuma ba ƙaramin abu ba ne.

Ya ce, "Majo, yaro ba ya ɗaga ƙarfe da ciki wofi. Na ce in ɗaya ya yi suna, garin duka ya samu abin faɗi bana, ban da yunwa."

Na ce, "Buhu biyu duka suka cinye?"

Sai da na maimaita tambayar.

"Ɗaya da rabi. Da kuka hana horo, na ce mi zan yi da sauran, ga mutane na kwana da yunwa? Shekaranjiya na raba shi. Gidajen yaran, kowa na aika masu."

Muddin ana horo, gubar tana tsaye a kan mutum takwas. Maganata ce ta tsayar da horon, ita ce ta buɗe bakin buhun ta kai shi gida bakwai, inda akwai mata masu ciki da yara.

Kaporal ya ce, "In ka faɗa, jandarma za su zo."

Na ce, "Za su zo."

Ya ɗauki hularsa ya ce, "To mu je. Ni na san gidajen, kuma ni za su ba."

Muka biya wurin maigari, ya sa mai shela ya zaga yana cewa duk wanda ya karɓi gero daga hannun Kaporal kada ya ci, kada ya ba dabba. Mu kuma muka bi gida-gida da buhu. Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi ka karɓe hatsi daga hannun mai yunwa. A gida na biyu mun tarar an riga an surfa, tukunya na kan wuta. Matar gidan ta tsaya tsakanina da murhu, ta ce, "Majo, jiya ka ce ƙarfe ne, yau ka ce gero ne. Gobe mi za ka ce? Yarana kwana biyu ba su ci ba." Kaporal ne ya durƙusa a gabanta, ƙato kamar shi, ya ce, "Ni na kawo, ni na cuce ku. Ki je ki ga kan Hajo." Ta sauke tukunyar da kanta tana kuka.

Kafin la'asar mun tattara abin da ya saura. Gida biyu ba su kai ga ci ba, na matar nan da wani da ke ajiye da shi don ranar da ta fi wannan muni. Gida biyar sun ci, wasu sau ɗaya, wasu sau biyu. Na rubuta sunan duk wanda ya sa a baki. Na kulle hatsin a ɗakin magani, na ɗebi kaɗan a kwalba, na zuba ɗan isansin da ya rage mini, wato fetur, a moto, babur ɗina, na kama hanyar Mayahi cikin rairayi.

Babban likitan dattijo ne marar yawan magana. Takardata tana kan teburinsa, a ranar ta iso. Ya saurare ni har na gama, ya juya kwalbar a hannu, ya tambayi ciwon ƙafa, ya tambayi kwana nawa tsakanin ciwon ciki da zubar gashi. Sannan ya ce wannan ba maganin iri ba ne. Hatsi ne da ake haɗawa da guba don ɓerayen daji masu tone shuka, kuma akwai irin gubar da wannan ne tambarinta: ciki, sannan ƙafafu, sannan gashi. Wanki ba ya fitar da ita, kuma a dusa ta fi zama.

Ya ɗaga takardata ya ce, "Majo, sanƙo na san shi. Shekaru yake ɗauka, daga goshi ko tsakar kai, kuma gado ne. A ina ka taɓa ganin ƙarfe ya tuɓe kan mutum cikin sati biyu?"

Na ce, "Ban taɓa gani ba, Likita."

"To don mi ka rubuta?"

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ba ni garin gawayi na magani da ruwan ƙari, ya ce ainihin maganin gubar ba mu da shi, sai dai mu taimaki jiki ya fitar da ita. Ya ba da mota washegari ta kwashi Inna Hajo da Labo da wasu biyu zuwa Maraɗi. Ya kuma sanar da hukuma, kamar yadda doka ta ce.

Inna Hajo ta rasu bayan kwana tara. Numfashi ne ya gagare ta. Cikin waɗanda suka ci sau ɗaya ko biyu, wasu sun yi ciwon ciki, yara uku gashinsu ya zube, amma duk sun tashi. 'Yan kokawa shida sun warke, gashinsu ya dawo kafin kaka. Labo, wanda kawunsa ke ƙara wa ƙwarya saboda shi ne gwani, ya rayu, amma ƙafafunsa ba su koma daidai ba. Ya koyi ɗinki, ya yi shekaru yana aiki da keken hannu a kasuwar Tasawa.

Jandarmomi sun tafi da Kaporal. Bai kai ga jana'izar yayarsa ba. Mutumin da ya ba shi buhunan ba a same shi ba. Bayan wasu watanni aka sako shi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zo disfanser ya tsaya a inda ya tsaya ranar da aka yi masa dariya.

Ya ce, "Majo, laifina na ɗauka, har gaban Allah. Amma har yanzu ana cewa ƙarfe na cin gashi, kuma kai ka faɗa. In mutane suka riƙe haka, gobe wani ya kawo gero mai launi, za su wanke su ci."

Gaskiya ya faɗa. Ranar Juma'a bayan an sallame, na nemi izinin liman na miƙe a gaban jama'a. Na ce ni ne na ce ƙarfe ne, kuma kuskure na yi. Na ce duk hatsin da aka ga launi a jikinsa, ko an wanke shi sau goma, ba abinci ba ne. Ban taɓa yin magana mai nauyin wannan ba. Na zaci daga ranar ba wanda zai sake kawo mini marar lafiya. Sai ga shi matar nan da ta tare mini murhu ita ce ta fara zuwa da safe, da ɗanta a goye.

Na yi shekara talatin da ɗoriya a aikin nan bayan wannan, na ƙare a Tasawa. A shekaruna na ƙarshe, samari masu zuwa gidajen ɗaga ƙarfe sukan zo su ce, "Baba Majo, gashina na raguwa, ko ƙarfe ne?" Nakan ce su zauna. In tambayi kan ubansu da na kawunnansu. In tambayi tun yaushe. Sannan in tambayi abin da suke ci, da abin da suke sha, da ko akwai wani gari ko ƙwaya ko allura da wani ya ba su don jiki ya buɗe. Sau da yawa a nan ake yin shiru, kuma a cikin shirun nan amsar take.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Abin da kowa ke gani a fili, shi ya fi saurin ɗaukar laifi, kuma mutanenmu ba maƙaryata ba ne, tsoro da yunwa da kunya ne ke sa su rufe rabin labari. Aikinku ne ku tambayi ɗaya rabin, da muryar da za ta sa a faɗa muku. Kuma ku sani, maganar mai farar riga ba ta tsayawa a ɗakin duba marar lafiya. Tawa ta fita ta shiga gida bakwai kafin in cim mata.